Muryar Daktora Ummusalama da Alkawarin da Muka Kasa Cikawa

ƘUNGIYAR JINYA DAGA NESA TA ƘAUYUKAN GADARIF

Zuwa ga iyalan marigayiya, da marasa lafiyar da suka ba mu amanarsu, da sauran jama'a.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhinin da har yanzu bai sake mu ba, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba da aron rai ya kuma karɓi abinsa, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin likitoci da ma'aikatan jinya da masu ba da magani da 'yan sa-kai na Ƙungiyar Jinya Daga Nesa ta Ƙauyukan Gadarif, wadda mutanen karkara suka fi sani da Likitan Waya, suna sanar da jama'a cewa sun sami labarin rasuwar abokiyar aikinsu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Shugabar Ƙaramin Kwamitin Dokoki da Ƙa'idojin Aiki, ƙwararriyar likitar mata da haihuwa, Daktora Ummusalama Haladu Husain, wadda Allah ya yi wa rasuwa a gidanta da ke Gadarif bayan gajeriyar jinya ta zazzaɓi, aka kuma yi mata sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Mun san wannan saƙo ya makara. An riga an naɗe tabarmin zaman makoki, wanda a nan muke kira farash, baƙin da suka zo daga Mafaza da Gallabat sun koma gonakinsu, ƙungiyoyin da ba su san ta kamar yadda muka san ta ba duk sun riga mu fitar da nasu. Abin da ya tsare mu kunya ce. A wurin makokin mun yi wa mahaifiyarta alkawari a gaban jama'a, alkawarin da ba mu da ikon yin sa, kuma a ƙoƙarin cika shi mun taɓa amanar da marigayiyar ta ƙarar da ƙarfinta wajen karewa. Tun da a bainar jama'a aka yi alkawarin, kwamiti ya ga a bainar jama'a ya kamata a yi bayaninsa. Muna roƙon iyalai da masu karatu su yi haƙuri da tsawon wannan takarda, domin sai an san ko wace ce ita sannan za a gane girman abin da muka yi.

An haifi Daktora Ummusalama a Khartum, a gidan marigayi Alhaji Haladu Husain, tela, da Hajja Zaituna, kuma ita kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yan da suka haifa. A can ta yi karatun likita, a can ta ƙware a fannin mata da haihuwa, ta yi shekaru tana aiki a wani asibitin haihuwa wanda ta dalilinsa yara mata da yawa suka ci sunanta. Da yaƙi ya ɓarke a shekarar 2023 ta fito da mahaifiyarta da maigidanta, Ustaz Elfatih Abdelaziz, malamin makaranta, da 'ya'yansu mata biyu, Reem da Alaa, suka sauka a Madani. Shekarar ba ta ƙare ba sai da suka sake ɗaukar ƙafa zuwa Gadarif, kuma a wannan hanyar ce aka raba su da wayoyinsu da duk abin da ke ciki, hotuna da muryoyi da ajiyar shekaru. An yi mata tayin aiki a ƙasashen waje fiye da sau ɗaya. Hajja Zaituna, wadda ganinta ya riga ya tafi, ta ce an tashe ta sau biyu, na uku sai dai zuwa kabari, ita kuwa Daktora ba ta ƙara buɗe maganar ba.

Duk wanda ya yi damina ɗaya a ƙasar nan ya san dalilin kafa wannan ƙungiya. Ruwa na sauka baƙar laka ta riƙe hanya, ƙauyen da ake zuwa da safe a dawo kafin azahar ya koma sai a tarakta, in an sami taraktar, mai naƙuda kuwa da wanda maciji ya sara a gonar riɗi ba sa jiran ƙasa ta bushe. Ga kuma likitocinmu da yaƙi ya watsa ƙasashe, jikinsu a can zuciyarsu a gida, kullum suna tambayar ta ina za su taimaka. Mu a ganinmu abin ba wuya: ga waya, ga likita, ga mara lafiya, sai a haɗa. Mun zaɓi suna, mun zana tambari, har mun soma gardamar wanda zai yi jawabin buɗewa, sai Daktora ta shigo zamanmu a ƙarƙashin rumfar ofis, ta gyara tobin da ta yafa, ta fara jero mana tambayoyin da babu wanda ya gayyata.

Ta tambaye mu da wane izini likitan da ke zaune a wata ƙasa zai duba majiyyacin da ke kwance a Mafaza, kuma idan lasisinsa ya ƙare yana gudun hijira, wa zai tabbatar mana shi ɗin ne, ba wani mai farar riga da daɗin baki ba. Ta tambayi wanda zai ɗauki alhaki idan layi ya yanke likita yana tsakiyar faɗin yawan maganin da za a sha, aka ji rabin magana aka yi aiki da ita. Ta kawo zancen leburorin manyan gonaki, waɗanda da yawansu ba su da takardar shaida, wasu ma sunan da ake kiran su da shi a gona daban ne da na gida, ta ce ƙa'idar da za ta ce sai mai takarda za a duba ta riga ta kori rabin waɗanda muka ce don su muka fito. Haka ta tsaya a kan masu tsallako iyakar ƙasa ta Gallabat su yi jinya su koma, da kan magungunan da bai halatta a rubuta su ba sai an ga mutum ido da ido. Wasunmu suka sa mata suna Hajja Sharaɗi, ta ji, ta ce sunan ya yi mata. Ita ce ta yi ta sintiri tsakanin ofisoshin hukumomin da abin ya shafa, tana amsa tambayoyinsu tana gyara daftari, har aka ba mu izinin gwaji, wanda a ƙarƙashinsa muke aiki zuwa yau.

Mutanen ƙauye kuwa da muryarta suka san ta. Yawancin matan da take dubawa ba sa karatu, layin kuma ba ya ɗaukar kira mai tsawo, saboda haka da saƙon murya ake jinyar: mace ta faɗi abin da ke damunta, saƙon ya tafi lokacin da layi ya ga dama, Daktora ta saurara ta mayar da amsa da Hausa ko da Larabci, duk wanda mai ciwon ta fi sakewa da shi. Ba ta taɓa faɗawa maganar ciwo kai tsaye ba. Sai ta gaishe ki, ta gaida yara da sunayensu, ta tambayi dawa ko ta yi kai, ta tsokane ki a kan shayin da ta hana ki cika wa sukari, sannan ta zo kan magani, ta maimaita shi, ta rufe da addu'a. Mun sha yi mata ƙorafin cewa saƙonninta sun fi na kowa tsawo. Takan ce mace ba ta faɗa wa baƙo abin da zaninta ya rufe, dole sai ta fara zama 'yar gida kafin ta zama likita.

A farkon aikin da wayoyin gida ake aiko da saƙonnin, kuma a nan muka yi tuntuɓe na farko. Waya a ƙauye ta mutane da yawa ce. Ta maigida ce da ƙannensa da maƙwabcin da tasa ta mutu, kuma takan yini a shagon caji inda ake kwafar waƙoƙi da wa'azi daga wannan zuwa waccan. A wani ƙauye da ba za mu ambata ba, wata baiwar Allah ta yi wa Daktora bayanin lalurar da ko mijinta ba ta faɗa wa ba, saƙon ya fita ta wannan hanya, ya zaga gari, har ta kai ana kwaikwayon ta a bakin rijiya. Babu sunanta a cikin saƙon, kuma babu wanda ya buƙaci sunan. Matar ta bar garin, matan yankin suka ɗauke ƙafa daga shirin gaba ɗaya, masu ciki suka koma haihuwa yadda suka saba kafin mu zo.

Daktora ta nemi a dakatar da aiki har sai an rubuta sashen sirri a cikin ƙa'idojinmu, aka kira zaman gaggawa. Da yake mambobinmu na ƙasashen waje ba su sami layi ba a ranar, sai aka ɗauki zaman a waya don a tura musu, kuma shi kaɗai ne zamanmu da aka taɓa ɗauka, domin bayansa ita ta hana. Yawancinmu muna ganin ta zafafa. Masu tallafa mana suna jiran rahoto, damina ta matso, kuma shawararmu ita ce a riƙa cire sunaye daga saƙonni a ci gaba da aiki, har ma a riƙa amfani da su wajen koyar da sababbin ma'aikata. Amsar da ta ba mu muna iya kawo ta da kalmominta: “Ya jama'a, suna ana goge shi da biro. Murya fa? A ƙauye akuyar mutum ma da kukanta ake gane ta, balle matarsa.” Aka yi dariya. Ta ci gaba da magana, ana katse ta, ana buga tebur, ana ce mata lokaci ya ƙure, har ta ce idan ba a amince ba a nemi wata likitar mata, ita ta ajiye. Da yake ba mu da wata, aka amince.

Abin da sashen ya tanada ba shi da wuyar fahimta, kuma kowannenmu ya sa masa hannu. Ba za a ƙara aiko da saƙon jinya da wayar gida ba, sai da wayar ƙungiya da ke hannun ma'aikaciyar lafiya a kowace tasha. Mai ciwo ce za ta ba da yardarta da bakinta, da harshen da take ji, kuma mai waya ko miji ko shehun gari ba ya yarda a madadinta. Saƙonnin suna zama a na'ura ɗaya a ofishinmu muddin ana jinyar, babu mai jin su sai likitan da aka aika wa, ranar da likitan ya bar aiki ko ya rasu kuma a goge muryoyin duka, tasa da na majiyyatansa, ba tare da kowa ya saurara ba, a bar taƙaitaccen bayanin jinya a rubuce ga wanda zai gaje shi. Lambar buɗe na'urar aka raba ta gida biyu, aka damƙa wa amintattu biyu, don kada mutum ɗaya ya buɗe shi kaɗai. Da wannan sashe ta bi ƙauyuka gida gida tana karanta wa mata a tsakar gidajensu, har suka dawo. Ita kanta daga ranar ba ta ƙara aika wa kowa saƙon murya da wayarta ba, ko dangi, sai dai ta kira.

Ranar da kwamiti ya je gaisuwar rasuwarta, bayan mun ɗaga hannu mun yi Fatiha tare da Ustaz Elfatih a rumfar maza, aka ce Hajja Zaituna tana son abokan aikin 'yarta su shigo, aka shigar da mu. Tana zaune a bakin gado, mata sun cika ɗakin har tsakar gida. Duk wanda ya yi sallama sai ta kira sunansa, har da waɗanda sau ɗaya suka taɓa shan shayi a gidan, domin tun da idonta ya tafi kunnenta ya karɓi aikin. Kafin zuwanmu Ustaz Elfatih ya riga ya bi dangi da ƙawaye yana neman ko wani yana da muryar marigayiyar a ajiye, bai samo komai ba. Sai tsohuwar ta juyo wajenmu ta ce: “Ya awladi, 'ya'yana, hoto suka kawo mini, me zan yi da hoto? An ce muryarta tana cikin talafon ɗinku. Ku ba ni ko kaɗan ne, ko gaisuwa ce take yi wa wata, in riƙa ji. Halas, shi ke nan, ba na son komai bayan wannan.”

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a ce wa uwar mamaci a'a a kan tabarmar makoki. Ba uzuri muke kawowa ba, yadda abin ya faru muke faɗa. Shugaban ƙungiya ya dafa ƙirji ya ce da yardar Allah za a kawo, sauranmu muka mara masa baya da ƙarfi, mata suka yi ta sa mana albarka. Babu ɗaya a cikinmu da ya manta da sashen sirri a wannan lokacin. Mun tuna da shi sarai, kowa yana jiran na kusa da shi ya ɗauki nauyin ɓata wa tsohuwa rai, har muka sa takalma muka fito.

Da muka isa ofis, maimakon mu koma mu faɗi gaskiya tun abin bai yi nisa ba, sai muka zauna neman dabara, masu ilimi kuwa idan suka zauna neman dabara ba sa rasawa. Aka ce ai Hajja ba ruwanta da ciwon kowa, gaisuwa take so da addu'a, waɗannan kuma suna farkon saƙo da ƙarshensa, sai a yanko su a haɗa a goge sauran. Aka ce marigayiyar da kanta, da tana nan, ba za ta hana mahaifiyarta ba. Aka ce sashen bai hango irin wannan hali ba, alhali kalmar rasuwa tana rubuce a cikinsa, ita ta sa ta da hannunta. Aka ɗaga hannu, babu wanda ya ƙi, har da mai sa hannu a wannan takarda. Amintattun biyu suka haɗa lambar, aka wakilta mutum uku su yi aikin.

Abin da muka ƙi gani shi ne ba a yanka saƙo sai an saurare shi, kuma Daktora ba ta gaisuwar da babu mutum a cikinta. Cikin gaisuwar take kiran sunan yaro, cikin addu'ar take ambaton abin da ake roƙon Allah ya yaye. Na'urar kuma idan ta gama saƙo ɗaya sai ta zarce na gaba. Suna cikin aikin muryar Daktora ta ƙare, muryar wata mai ciwo ta biyo, ɗaya daga cikin ukun kuwa ya gane ta tun daga sallama. Kafin hannunsa ya kai ya tsayar, ya riga ya ji abin da ba zai iya mayarwa ba. Ya tashi ya fita, sauran biyun suka rufe na'urar. Ba za mu faɗi sunansa a nan ba, haka ma na abokan aikinsa biyu, kuma kada a ɗauka rufa musu asiri muke yi, hukuma ta san su. Idan aka san shi za a fara ƙirga matan da ya sani, mu kuwa mun riga mun yi wa baiwar Allahn isasshiyar ɓarna.

Saboda haka Kwamitin Amintattu yana sanar da jama'a matakan da ya ɗauka. An goge dukkan saƙonnin muryar Daktora Ummusalama da na majiyyatanta, har da guntayen da aka riga aka yanko, a gaban shaidu daga wajen ƙungiya, kamar yadda ya kamata a yi tun ranar da aka binne ta. An kai rahoton abin da ya faru ga hukumar da ta ba mu izinin gwaji, ba a rage komai ba, kuma idan ta ga dacewar janye izinin ba mu da bakin ƙorafi, sai dai muna roƙon kada laifin kwamiti ya faɗa kan ƙauyuka, ga damina tana tafe. Shugaba da amintattun biyu sun ajiye muƙamansu. Sauranmu za mu riƙe aiki ne kawai zuwa babban taro, inda za mu ba da shawarar rabin lambar buɗe na'ura ya koma hannun macen da matan ƙauyuka suka zaɓa da kansu.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu mata na Mafaza da Gallabat da sansanonin gona da duk inda wayarmu ta kai, Daktora ta tsaya a tsakar gidajenku ta ba ku tabbaci da sunanmu cewa babu kunnen da zai ji ku sai nata. Ta cika nata har ta koma ga Allah. Mu ne muka karya, ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, kuma muna jin kunyar haɗa ido da ku. Ma'aikatan lafiya na kowace tasha za su karanta muku wannan takarda da Hausa da Larabci, waɗanda aka buɗe saƙonninsu kuma za a sanar da su ɗaya ɗaya, a keɓe, ta bakin ma'aikaciyar da suka saba da ita. Wadda ta ga ba za ta ƙara yarda da mu ba, ba za mu ga laifinta ba. Muna dai roƙon ta don Allah kada ta zauna da ciwo a ɗaki saboda mu, ta nemi asibiti tun hanya tana biyuwa.

Saura maganar Hajja Zaituna, wadda ta fi duka nauyi. Mun janye alkawarin da muka yi mata, muna kuma neman gafararta da muka sa ta zaman jiran abin da muka san ba namu ba ne. Bayan an goge saƙonnin mun bincika duk abin da ƙungiya ta mallaka, ko za a sami muryar Daktora a wurin da babu mai ciwo a ciki. Abu ɗaya aka samu, a tsohuwar wayar sakatare: zaman gaggawar nan da aka ɗauka don mambobin waje. Babu sunan majiyyaci a cikinsa, babu sunan ƙauye, domin ko a cikin fushi ba ta ambata ba, kuma lauyan ƙungiya ya tabbatar babu abin da ya hana a ba iyalanta. Mun zauna mun saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, babu wanda ya iya kallon na kusa da shi. Ba a ji gaisuwa a ciki ba, ba a ji tsokanarta ko addu'ar nan tata mai sanyi ba. Abin da ke ciki mace ɗaya ce tana roƙon a tsare mutuncin matan ƙauye, tana ɗaga murya, masu digiri maza da mata suna yi mata dariya, suna buga tebur, suna ce mata ta taƙaita.

An kawo shawarar a yanke muryoyinmu a bar tata. Wannan karon dabarar ba ta sami ko hannu ɗaya ba. Mun gwada yankan murya sau ɗaya mun ga inda ya kai mu, ban da haka kuma idan aka cire mu babu wanda zai gane dalilin da ya sa take ɗaga murya, sai a ɗauka halinta ne, 'ya'yanta su tashi da zaton uwarsu mafaɗaciya ce. An damƙa wa Ustaz Elfatih zaman gaba ɗayansa, an faɗa masa abin da ke ciki, ya ce zai faɗa wa Hajja, ita za ta zaɓa. Ya aiko mana cewa ta ce a kunna mata.

A madadin Kwamitin Amintattu da likitocinmu na gida da na waje da dukkan ma'aikatan tashoshinmu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarta, Hajja Zaituna, da maigidanta, Ustaz Elfatih Abdelaziz, da 'ya'yanta, Reem da Alaa, da zuriyar marigayi Alhaji Haladu Husain, na nan da waɗanda yaƙi ya warwatsa, da duk matan da suka saba jiran saƙonta. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sanya hidimarta a mizaninta na alheri, ya rufa mata asiri a ranar tonon asiri kamar yadda ta rufa wa bayinsa. Allah ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya Reem da Alaa a kan tafarkinta, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu gida lafiya. Mu kuma Allah ya yafe mana, ya sanyaya zukatan waɗanda muka zalunta.

Ga Hajja Zaituna, mahaifiyarmu, ba mu da abin ƙarawa sai wannan. Kin roƙe mu gaisuwar 'yarki, mun kawo miki ranar da muka ɓata mata rai, domin ita kaɗai muke da ikon bayarwa. Mun yi tunanin haɗawa da sunayen masu magana a cikin zaman, don kada laifin wani ya hau kan wani, sai muka tuna yadda kika karɓe mu a ɗakinki. Ba sai an faɗa miki ba, Hajja. Za ki gane mu ɗaya bayan ɗaya, tun daga dariyar farko.

Sa hannu:
Ustaz Abdulmuminu Hamoda
Kakakin Kwamitin Amintattu
Ƙungiyar Jinya Daga Nesa ta Ƙauyukan Gadarif